Faifai Uku da Maganar Kunnena

Bur Dubai

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da mamarki da ƙannenki. Ina roƙon Allah ya tsare ki a 'yan kwanakin da suka rage miki a gida. Ya tsare ki a hanyar Kaduna zuwa Abuja, wadda ta fi jirgin saman ba ni tsoro, ya kuma kawo ki nan da ƙafafunki.

Na san za ki yi dariya da kika ga wasiƙa, ki ce Baba ya koma zamanin da. Ki yi dariyarki, amma ki karanta har ƙarshe. Maman Talatu, wadda take zuwa sarin yadi nan, ita ta ce za ta kawo miki ledar da takardar nan take ciki hannu da hannu. A ciki akwai faifai uku da wani ɗan ƙaramin akwati na roba. Kada ki ba ƙannenki akwatin su yi wasa da shi, zan gaya miki amfaninsa.

Kin tambaye ni a waya, "Baba, da wane faifai zan fara?" Tambaya ce mai kyau, kuma ta hana ni sakat. Tun kina shekara tara kike waƙa a coci, amma kiɗan rok na tsofaffin makaɗan Turawa ba ki san shi ba, sai ɗan abin da kike ji ina gunguni da shi idan na zo hutu. Yanzu ga shi kin ajiye aikin koyarwa, za ki zo ki tsaya gaban Rudi, shugaban makaɗan otal ɗin da nake aiki, ya gwada muryarki. Sau ɗaya Rudi yake sauraron mutum. In ya ce a'a, bizarki ta ziyara za ta ƙare, ki koma Kaduna ba aikin can ba na nan.

Na kuma yi miki alkawari cewa ranar gwajin ni zan zauna a kan miksa, teburin nan mai maɓallai da ake daidaita sauti da shi, in fito da muryarki yadda ya kamata. Tun ranar da na faɗi haka abinci bai yi mini daɗi ba. Kunnuwana ba yadda kika san su suke ba, kuma ina tsoron alkawarin ya fi ƙarfina. Zan zo kan wannan. Bari in fara da abin da kika tambaya, don shi ya fi sauƙin faɗa.

Makaɗan nan kowannensu ya yi faifai goma, wasu ashirin. Ba ki da lokacin jin su duka. Shi ya sa ake farawa da faifan da aka tattara fitattun waƙoƙinsu wuri ɗaya, waɗanda mu a shago muke kira zaɓaɓɓu. Da su na fara, da su kusan kowa yake farawa, babu abin kunya a ciki. Sai dai zaɓaɓɓu sun ba ni kunya har sau uku a garin nan, kuma ba na so ki bi sawuna.

Na farko ya faru ne a watana na biyu da zuwa. Lokacin ina tsaron shagon kaset da faifai a Al Buteen, shagon Alhaji Sani, wani mutumin Maraɗi mai haƙuri da tsokana, mai surka Hausarsa da Faransanci. Wani dattijo Ba'indiye mai sayar da yadi ya tsallako ruwa a abra, ɗan kwalekwalen hayar nan, ya ce in samo masa zaɓaɓɓun wasu makaɗa da yake ji tun yana saurayi. Ba mu da shi, sai na ce ya dawo jibi. Na je wurin 'yan sari na tarar da iri huɗu. Na ɗauki wanda ya fi kyan bango, mai ruwan zinariya, mai waƙa arba'in a ciki. Ina tafe ina jin kaina, wai na iya zaɓe.

Kwana biyu da ba shi, dattijon ya sake tsallako ruwa. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ajiye faifan a kan kanta ya ce, "Ɗana, wannan ba muryarsa ba ce. Shekara talatin ina jin mutumin nan, ko tari ya yi zan gane shi."

Alhaji Sani ya juya bayan faifan, ya ɗora yatsa a can ƙasa, ya ce, "Bon, Yohanna, zo nan. Kai da ka yi boko, me aka rubuta a nan?"

Na duba. Da wasu 'yan mitsi-mitsin haruffa an rubuta cewa wasu makaɗa ne dabam suka kwaikwayi waƙoƙin. Sunan manyan ne a gaba da babban rubutu, amma ko ɗayansu bai taɓa faifan ba.

"Voilà," in ji Alhaji. "Ni da ban iya Turancinku ba na san nan ƙasa suke ajiye maganar. Yalla, ka raka baƙonmu bakin ruwa, ka ba shi haƙuri a hanya."

Saboda haka ki riƙa juya bayan abu, Rahila. Na san yanzu komai yana cikin waya, amma masu kwaikwayon sun bi mu har can. Akwai ma wanda ainihin makaɗan ne, sai dai sun sake rera waƙoƙin bayan sun tsufa, murya ta sauka, an rage mata tsawo don su iya kaiwa. In kika koya daga irin wannan, ranar gwaji Rudi zai ɗauko waƙar daga inda take tun asali, ki ga ta yi miki sama. Yawan waƙa a faifai ba shi ne kyansa ba. Guda goma sha biyu na gaske sun fi arba'in na aro. Kuma tunda muna maganar ƙananan rubutu, duk takardar da za a ba ki a garin nan ki sa hannu, ki fara karanta ta daga ƙasa. In ana gaggauta ki, ki ce sai Babanki ya gani. Ba rashin kunya ba ne, kuma ba wanda ya taɓa mutuwa don ya jira kwana ɗaya.

Na biyun shi ne wanda har yau in na tuna sai in ji zufa ta karyo mini. Amma sai na koma baya kaɗan kafin ki gane shi.

Ina saurayi a Kafanchan akwai wani mai kaset kusa da tashar jirgin ƙasa. Za ka je ka ce ya haɗa maka zaɓaɓɓu, ya ɗauko daga nan ya ɗauko daga can ya cika maka kaset ɗaya. To kaset yana da iyaka, mu kuma muna son waƙa da yawa. Sai ya samo dabara. Duk waƙar da ta yi masa tsawo, sai ya jira wurin da ta yi ƙasa, ya rage sautin a hankali har ya ɓace, ya ɗora ta gaba. Hannunsa yana da laushi, ba za ka taɓa cewa yanka aka yi ba. Akwai wata waƙa da na fi so a kaset ɗin, mai farawa a sanyaye. Wajen minti huɗu sai ganguna su tsaya, mawaƙin ya ja wata kalma a hankali, komai ya yi tsit. A wurina nan ne ƙarshenta. Shekara ashirin ina jin ta haka, ina ma yaba wa masu ita da suka iya rufe waƙa.

Da mutane suka koma jin waƙa a waya, shagon Alhaji Sani ya mutu, shi ya koma harkar kago, wato jigilar kaya, ni kuma na sami aikin sauti a otal. A satina na biyu aka bar ni ni kaɗai a kan miksa. Liyafar cin abincin rana ce a bakin wurin iyo, mutane cike, rana tana dukan kowa. Rudi da mutanensa suka ɗauko waƙar nan tawa. Daɗi ya kama ni, na ce yau za su san sun sami wanda ya san aiki. Aka zo wurin, ganguna suka tsaya, mawaƙin ya ja kalmarsa, wuri ya yi tsit. Sai na sauke maɓallan duka a hankali, daidai yadda mai kaset ɗin Kafanchan yake yi. Na kunna ɗan kiɗan hutu. Har tafi na fara yi.

Da na ɗaga kai sai na ga Rudi a gaban dandamali, idonsa a rufe, ya ɗaga wuyan gitarsa sama, ya kai wa tsirkiya duka da dukan ƙarfinsa. Ba abin da ya fito. Ya sake, shiru. Mai ganga ya daskare da sanduna a sama. Wani a cikin masu cin abinci ya fashe da dariya, saura suka bi.

Da aka tashi Rudi ya zo ya tsaya a kaina. Mutumin Filifin ne, gajere, ba ya ɗaga murya. Ya ce, "Habibi, wa ya ce maka an gama?"

Na ce, "Ai nan take ƙarewa."

Sai ya ja ni sito inda muke ajiye lasifikoki, ya sa ainihin faifan, ya ce in zauna kada in motsa. Aka zo wurin shirun. Ina jiran waƙa ta gaba, sai gita ta shigo. Rahila, minti huɗu cur ta yi tana kuka, ganguna suka dawo suka same ta, mawaƙin ya dawo da wata irin murya da ban san yana da ita ba. Ashe rabin waƙar na sani, kuma rabin da ban sani ba shi ne dalilin da ya sa aka yi ta. Rudi ya ce shekara shida ya yi yana koyon wurin nan a ɗakin uwarsa. Kunya ta kama ni, baƙin ciki kuma ya fi kunyar, don na ga shekara ashirin ina son abin da ban taɓa jin ƙarshensa ba. Bai sa an kore ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Khalas, ya wuce. Gobe ka kalli ƙafata, ba agogonka ba."

Kada ki ɗauka mai kaset ɗin Kafanchan ne kaɗai yake wannan aiki. Manyan kamfanoni ma suna yi. Zaɓaɓɓu da yawa gajerun da aka yanka wa gidan rediyo ne a ciki, don su sami wurin cusa wasu. Ki riƙa duba mintocin da aka rubuta a gefen kowace waƙa. In kin ga wuri ɗaya an ce huɗu, wani wuri an ce takwas, mai takwas ɗin za ki koya. Biyu daga cikin faifai ukun da na aiko miki zaɓaɓɓu ne, na duba su ɗaya bayan ɗaya, cikakku ne, na kuma rubuta mintocin da biro a takardar ciki. Ranar gwaji, in waƙa ta yi tsit a tsakiya, kada ki ce wa kowa na gode, kada ki ajiye makirfo. Na san halin 'yan kwaya, da an yi shiru sai ku sunkuyar da kai kuna jiran Amin. Ki tsaya yadda kike, ki kalli ƙafar Rudi. In ya taka maɓallin sautin gitarsa da ke gabansa a ƙasa, to yanzu aka fara.

Wani ɗan ƙarami kuma, kafin in manta. Ki nemi ma'anar kowace kalma kafin ki rera ta. Akwai waƙar da na yi ta sa wa mamarki lokacin da nake nemanta, ina lumshe ido, wai waƙar soyayya. Sai a nan mai gangarmu ya gaya mini cewa mutumin sallamar matarsa yake yi, yana cewa ta kwashe kayanta. Allah ya taimake ni mamarki ba ta kula da Turancin waƙa ba, da babu ke. Wasu waƙoƙin kuma ba za ki iya rera su a gaban Fasto ba. In kin haɗu da irinsu ki faɗa wa Rudi tun da wuri, yana da 'ya'ya mata, zai gane.

Na ukun gardama ce ta jawo mini shi, kuma a nan ne na fi jin tsoronki, don gardamar nan kin gado ta ba ragi. Lokacin muna kwana a masaukin ma'aikata a Dubai Investments Park, motar otal tana kwaso mu kullum, tafiya mai nisa. Wata rana a motar wani ya sa wata waƙa, mai ganga ya ce ta makaɗa kaza ce. Na ce ƙarya ne. Na ce ina da zaɓaɓɓunsu, na haddace shi kaf, babu wannan muryar a ciki. Na rantse, na buga kujera, har na ce in tasu ce a daina kirana Yohanna. Ashe mawaƙa biyu suka yi. Na farkon ya bar su, suka koma wani kamfani da sabon mawaƙi, kamfanin kuma da ya tashi haɗa zaɓaɓɓu sai ya ɗebo daga shekarun da ke hannunsa kawai. Rabin tarihin mutanen ba ya cikin faifaina, ni kuwa ina ta rantsuwa a kansa. Wata guda ana kirana "Ba-Yohanna-ba" a motar nan.

Abin da na koya shi ne, zaɓaɓɓu wani ne ya zaɓa, kuma yana da dalilinsa da bai gaya maka ba. Ki duba shekarun da ke jikin waƙoƙin. In duk sun taru wuri ɗaya, to akwai abin da aka bari a baya. Kuma in aka ambaci waƙar da ba ki sani ba, ki ce, "Ban san ta ba." Kalma huɗu ce, ba ta ciwo.

Ina gaya miki wannan ne don na san Rudi. Zai sa ki rera uku daga cikin waɗanda kowa ya sani. In kin wuce, sai ya jingina gitarsa ya ce, "To, wacce kike so wadda ba wanda yake roƙo?" Na ga mawaƙa masu murya sun faɗi a wannan tambayar. Wasu su ƙirƙiro suna, wasu su sake ambato ɗaya daga cikin fitattun. Shi kuwa so yake ya san ko kin shiga gidan, ko a zaure kika tsaya. Shi ya sa faifai na uku ba zaɓaɓɓu ba ne. Cikakken faifai ne guda, yadda masu shi suka jera shi. Akwai waƙoƙi a ciki da za su gundure ki, akwai wadda ni kaina ban ga amfaninta ba. Ki ji shi daga farko har ƙarshe, kada ki tsallake ko ɗaya, sau uku ko huɗu. Wata za ta kama ki. Ban gaya miki tawa ba da gangan, don kada ki je ki ba Rudi amsar Babanki.

Yanzu sai akwatin roba. Robar toshe kunne ce a ciki, irin ta makaɗa, tana rage ƙara ba ta hana ji. Tun shekarar farko Rudi ya ba ni irinta, na jefa a aljihu. Na ga kamar abin dariya ne mai aikin sauti ya toshe kunne, kamar mai dafa abinci ya toshe hanci. Na yi shekara goma sha ɗaya ina tsayawa kusa da lasifika. In na shiga mota kuma sai in cusa iyafis in ƙure sauti, don kada in yi tunanin gida. Da farko wata 'yar ƙara ce take zuwa bayan aiki, kamar kukan gyare, ta tafi da safe. Daga baya ta daina tafiya. Ki sa robar nan tun ranar farko, ko da duk dandamalin za su yi miki dariya. In sun tambaya ki ce Babanki ne ya sa ki, su zo su same ni.

To, na kewaya iya kewayawata, bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki biro.

Kunnena na hagu ya tafi, Rahila. Na je asibiti, likita ya gwada, ya ce wanda ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tattala na dama. Na daman ma ba cikakke ba ne. Ina jin ganga, ina jin babbar murya, amma siraran sautuka da maganar da aka yi a hankali sun fara ɓace mini. Duk lokacin da kika kira na ce miki sabis ne ba kyau, ki turo a rubuce, ba sabis ba ne. Shekara biyu ke nan ina ɗora wa sabis laifi. Ki yafe mini.

Kin tuna waƙar da kika ɗauka a waya kika turo mini, wadda kika rera a bikin ƙawarki? Na rubuto miki cewa kin yi ƙoƙari ƙwarai. Gaskiyar ita ce na sa ta sau goma, na manna wayar a kunnen dama, inda kika ɗaga murya na ji, inda kika sassauta ban ji komai ba. Sai na kai wa Rudi a sito na ce ya saurara. Ina tsaye ina kallon fuskarsa don in san yadda muryar 'yata take. Da ya kai tsakiya sai na ga ya daina taunar cingam. Da ta ƙare ya ce, "Ta zo, inshallah. Shwaiya shwaiya, a hankali za ta koyi sauran." Daga nan maganar gwajin nan ta samo asali. Ban taɓa jin alfahari da baƙin ciki sun haɗu mini wuri ɗaya kamar ranar ba.

Kuma ba kunne kaɗai na ɓoye muku ba. Da na zauna ina duba mintocin faifan nan, sai na ga ni ma abin da mai kaset ya yi mini shi na yi muku. Shekara goma sha tara ina aiko muku da zaɓaɓɓu. Hotona a gaban dogon bene, hotona a jikin motar da ba tawa ba, hotona da kwat a bakin dandamali. Ban taɓa aiko muku da ɗakin da muka kwana mu shida ba, ko Kirsimetin da na yi da burodi da shayi ina kallon bango, ko ranar da aka yi jana'izar babana ina nan ina jan wayar lasifika. Duk inda rayuwata ta yi ƙasa sai in rage sauti a hankali, in ɗora muku ta gaba. Hannuna ma ya yi laushi, ba ku taɓa ganewa ba. Abin da yake cin raina shi ne, da waɗannan hotunan kika yi shawara. Su kika kalla kika ajiye aikinki. In kin zo kika ga ba haka ba ne, laifina ne.

Ga yadda abin yake. Ɗakina ɗaya ne a wani tsohon fulat a Bur Dubai, muna raba kicin da wasu iyalai biyu. Na yi magana da wasu mata 'yan cocinmu, akwai gado a wurinsu, mata huɗu a ɗaki. Zafin garin nan ba irin na gida ba ne. Za ki rera waƙa da dukan zuciyarki mutane suna cin kaza ba su ɗago kai ba. Akwai ranakun da za ki yi kewar mamarki har ki ji a ƙirjinki. Akwai kuma ranakun da gita za ta shigo bayan shirun nan, ki ga wani tsoho ya ajiye cokali yana share ido, ki san ba a banza kika zo ba. Duka biyun gaskiya ne. In kin karanta wannan kika ga ba za ki iya ba, ki zauna, ki koma ki roƙi aikinki, ba wanda zai ce kin gaza. In kuma kin ce za ki zo, to ki zo kin ji faifan duka.

Jiya na gaya wa Rudi maganar kunnen. Ya ce ya daɗe da sani, tun da ya ga ina juya masa gefe ɗaya in yana magana, yana jira ne in faɗa da bakina. Mun shirya cewa ranar gwajinki abokin aikina Yusufu, mutumin Kenya, shi zai zauna a kan miksa. Ya iya aiki, kunnuwansa biyu lafiya lau. Na so ƙwarai a ce hannuna ne zai ɗaga muryarki a karo na farko a garin nan. Amma ina tsoron in zauna a wurin, ki sassauta murya, in ɗauka kin gama. Na yi wa Rudi haka sau ɗaya, ya yafe. Ba zan iya yi miki ba.

Mamarki ba ta san maganar kunnen ba. Akwai tata takardar a ƙasan ledar, ki ba ta, ki zauna kusa da ita in za ta karanta.

In kin sauka a filin jirgi za ki same ni a bakin ƙofar fita. Ki bi ta damana, ki yi magana da ƙarfi, kada ki ji kunyar mutane. Ranar gwajin kuma zan tsaya a ƙasan dandamali, daga gefen da kunnen dama zai fuskance ki. Inda kika ɗaga murya zan ji ki. In an zo wurin da waƙar take yin ƙasa, ni a wurina babu komai a nan yanzu, sai kukan gyaren nan. Roƙona ɗaya ne, in kin kai wurin ki juyo ki fuskance ni, don in ga bakinki in san kina ci gaba.

Allah ya kiyaye fitarki daga gida, ya kiyaye ki a mota da jirgi, ya raba ki da mugun abokin tafiya. Ya tsare miki muryarki, ya tsare miki kunnuwanki duka biyu. Ya ba ki haƙurin jira in wuri ya yi tsit. Ni kuma ya bar mini na daman nan, ko da zuwa ranar ne. Amin.

Ni ne Babanki,
Yohanna